Tambaya da Amsa: Ta Yafe Masa, To Dole Ne Ta Aure Shi?

Wasiƙun wannan wata da dama sun taru a kan littattafan soyayya na Kirista waɗanda ake kira masu tsabta, wato marasa batsa, saboda haka na zaɓi uku daga ciki. Kamar yadda muka saba a wannan fili, an cire sunayen masu tambaya, an bar unguwanninsu kawai.

TAMBAYA: Mma, ina gaishe ki da aiki. Ni tela ce a Nima, Kirista ce, iyayena daga Bawku suka sauko Accra, kuma da Hausa na tashi a zango. Na daɗe ina karanta littattafan soyayya na Kirista na Turanci, waɗanda nake saye na hannu a wurin masu baza littattafai a ƙasa, har na fara rubuta nawa da Hausa a waya, ina tura wa matan zumuntarmu babi-babi ta WhatsApp. Labarin wata budurwa ce mai sayar da gwanjo, wadda ta ɗauki kuɗin adashinta na shekara biyu ta ba saurayinta ya sayo mata dila a Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, ana saura wata uku ɗaurin aurensu, sai ya tafi da kuɗin ya kashe waya. Bayan shekara uku ya dawo, ya tsaya gaban ikkilisiya yana kuka, ya ce ya tuba. A nan na tsaya cik, a babi na 18. Wasu daga cikin matan sun ce in har budurwar mai bi ce ta gaskiya, dole ta yafe masa a ɗaura aure a babi na gaba, domin haka duk littattafan suke ƙarewa. Wasu kuma sun rantse in na aurar da ita ga ɓarawon nan za su daina karantawa. Wanne ne ya dace da koyarwar Littafi Mai Tsarki, wanne ne kuma zai yi daɗin karatu?

Daga wata mai karatu, Nima, Accra.

AMSA: 'Yata, ina taya ki murna da wannan tsayawa da kika yi, domin a daidai wurin ne marubuta da yawa suke rufe ido su tsallake. Abin da ya raba matan zumuntarku, a ganina, shi ne an ɗaure abubuwa biyu da igiya ɗaya, alhali Hausa kanta ta raba su. Yafewa kalmar bashi ce, kuma mai bin bashi ne yake yafewa shi kaɗai, ko wanda ake bi yana nan ko ba ya nan, ko ya roƙa ko bai roƙa ba. Abin da Markus 11:25 yake nufi ke nan da ya ce in kun tsaya yin addu'a ku yafe wa duk wanda kuke riƙe da shi a zuci. Amana kuwa ajiya ce, kuma mai hankali ba ya sake ba mutum ajiya sai ya ga yadda ya yi da ta baya. Budurwarki tana iya yafe wa saurayin nan a daren yau a kan tabarmarta, amma aure ajiyar rai ce ɗungum, ba a bayar da ita don mutum ya iya kuka a gaban jama'a.

Masu cewa a ɗaura aure nan take za su kawo miki Matiyu sura ta 18, inda Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, Yesu ya amsa masa da bakwai har sau saba'in. Ki roƙe su su karanta misalin da ya biyo baya har ƙarshensa. Sarki ya yafe wa bawansa bashin talanti dubu goma, wanda in an lissafa talanti ɗaya a kan dinari 6,000, dinari ɗaya kuma ladan yini guda na ɗan ƙwadago, bashi ne da ba mai iya biya ko da ya yi rai dubu. Amma misalin bai ce sarkin ya sake miƙa masa makullin baitulmali ba, kuma da bawan ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari ɗari, labari ya koma wa sarki, aka sake kiransa. Ashe abin da mutum ya aikata bayan an yafe masa yana cikin lissafi.

Labarin da nake so ki zauna da shi kafin ki taɓa babi na 19 shi ne na Yusufu, daga Farawa sura ta 37 zuwa ta 45. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi a kan azurfa ashirin, yana da shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna, aka yi shekara bakwai na ƙoshi, kuma sai a shekara ta biyu ta yunwa ya bayyana musu kansa, wato wajen shekara 22 ke nan tsakani. Tun kafin ya sake ganin fuskokinsu ya raɗa wa ɗansa na fari suna Manassa, yana cewa Allah ya mantar da shi wahalarsa, abin da yake nuna zuciyarsa ta riga ta sauke kayan. Duk da haka, da suka zo sayen hatsi bai tashi ya rungume su ba. Ya juya baya ya yi kuka a ɓoye, ya dawo ya ɗaure ɗayansu, Saminu, a gabansu, ya ce sai sun kawo ƙaraminsu. Da suka kawo Biliyaminu, ya sa aka ba shi abinci ninki biyar na nasu, sa'an nan ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a bakin buhun yaron. Ki lura da abin da ya shirya. Ya mayar da su daidai inda suka faɗi a da: ga wani ɗan Rahila uwar Yusufu, ɗan lelen tsoho, ga kuma hanya a buɗe ta su bar shi cikin bauta su koma gida lafiya ba wanda zai zarge su. Sai da Yahuza, wanda da bakinsa ya kawo shawarar a sayar da Yusufu, ya matso ya ce a riƙe shi a madadin yaron domin kada baƙin ciki ya kashe mahaifinsu, sa'an nan Yusufu ya kori Masarawa daga ɗakin ya ce shi ne Yusufu. Surori uku cur aka kashe a kan wannan gwaji, kuma su ne suka fi riƙe mai karatu a duk labarin.

To, ga babukanki da suka rage. Saurayin nan kuɗi ya ci, saboda haka da kuɗi za ki gwada shi. Ki tuna da Zakka a Luka sura ta 19, wanda ba wanda ya ce masa ya biya, shi da kansa ya miƙe ya ce zai mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Ki sa naki ya kama tura kura a Kantamanto, yana ɗaukar dilolin wasu, shi da ya saba sa farar riga. Ki nuna mana shi ranar Asabar da yamma a ƙofar gidan su budurwar, riƙe da baƙar leda cike da 'yan sidi biyar-biyar da goma-goma da suka jiƙe da gumi, uwar yarinyar tana ƙirgawa a kan cinya ba ta ko ɗaga kai, tana rubutawa a bayan tsohon katin adashi, shi kuma yana tsaye domin ba a ba shi kujera ba. Ki maimaita wannan Asabar ɗin har mai karatu ya fara jin nauyinta, ki sa wata Asabar ya zo da rabin kuɗin ya faɗi gaskiyar dalili. Daga baya ki saka kuɗin wata tsohuwa a hannunsa, a ranar da maigidan haya ya kore shi, ba kuma mai ganinsa sai Allah da mai karatu. Hausawa suna da sunan tuban da bai wuce baki ba, tuban muzuru suke ce masa, kaza a baki. Aikinki shi ne ki nuna mana ko muzurun nan ya saki kazar.

Na ga irin wannan da idona a shekarun da nake koyarwa a wata makaranta a Kumasi. Wani abokin aikinmu da ke riƙe da adashin malamai ya cinye kwasar wata uku, ciki har da tawa da na tanada domin kuɗin makarantar ɗana. Ya zo gidana ya durƙusa, na ce na yafe, kuma har ga Allah na yafe, domin daga ranar na daina juya maganar a raina in na kwanta. Amma littafin adashin bai koma hannunsa ba sai bayan shekara huɗu, lokacin da ya gama biyan kowa, kuma ni ce na fara cewa a mayar masa. A tsakanin nan muna cin abinci a kwano ɗaya a ofishin malamai, ba wanda ya ce ni muguwa ce.

Dalilin da ya sa littattafan da kike karantawa suke gaggawa a fili yake. Irin wannan adabi ya bunƙasa ne a Amurka, musamman bayan 1979, lokacin da Janette Oke, 'yar Kanada, ta fitar da littafinta na farko, kuma kamfanonin da ke buga su sun yi wa mai saye alkawari: ba batsa, ba ashar, kuma a ƙarshe masoya za su haɗu. Marubuciyar da ta ga shafuka sun kusa ƙarewa, alkawarin aure kuma yana wuyanta, sai ta kawo haɗarin mota, ta kwantar da namijin a asibiti, a yi addu'a a bakin gado, washegari ana ɗinkin kayan biki. Wata kuma za ta ce miki ai shahararren littafin nan da Francine Rivers ta fitar a 1991 a kan labarin annabi Yusha'u aka gina shi, shi kuwa Yusha'u komo da matarsa ya yi bayan ta ci amanarsa. Haka ne, sai dai umarni na musamman aka ba shi domin aurensa ya zama alama ga Isra'ila, kuma ko shi, a sura ta 3, bayan ya fanso ta da azurfa goma sha biyar da sha'ir, cewa ya yi ta zauna kwanaki masu yawa tukuna.

Maganar bangaskiya kuma, ki yi hankali kada ki mai da Allah ɗan aiken marubuciya, wanda duk inda labari ya cije sai ya turo mafarki, ko budurwa ta buɗe Littafi da ka ayar da ake bukata ta faɗo. Ga abin da zan yi in ni ce ke. Kowace Lahadi ikkilisiya tana karanta Addu'ar Ubangiji tare, in an kai inda ake roƙon Allah ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai budurwar ta yi shiru, ta jira a wuce wurin ta ci gaba. Shekara uku tana haka, ba wanda ya lura sai tsohuwar da ke zama kusa da ita. Ranar da bakinta ya iya furta wannan layi, mai karatu zai san abin da ya faru ba sai kin yi masa wa'azi ba, kuma zai fi kyau ranar ta zo tun saurayin bai dawo ba. Ki ba ta nata laifin ita ma, misali ta ɓoye wa uwarta cewa ta ba shi kuɗin domin an gargaɗe ta tun farko, so kuwa hana ganin laifi ne. Game da harshe, tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka kalmomi irin su tuba da alheri da gafara suna da tsohon gida a harshenmu, ba sai kin aro salon littattafan Turanci ba.

Hukuncina shi ne ki aurar da su, amma kada ki yi kafin babi na 30. Bulus ya ƙi sake tafiya da Markus saboda ya taɓa gudu ya bar su a hanya, har suka rabu da Barnaba a kan maganar, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura ta 15, amma bayan shekaru shi ne ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. In kuwa kin rubuta babukan gwajin kika ga saurayin ya ƙi gyaruwa a hannunki, kada ki tilasta masa, ki bar ta ta yafe masa ta auri wani, littafinki bai fita daga koyarwa ba.

TAMBAYA: Malama, ni Musulmi ne, ina sayar da kayan gyaran babur. 'Yata tana makarantar sakandare ta kwana, ta dawo hutu da wani littafin soyayya da ƙawarta Kirista ta ara mata. Na sa ƙanena ya duba, ya ce babu batsa ko kaɗan, amma kowane babi akwai coci da addu'a. Uwarta ta ce in ƙyale ta tunda ya fi abin da yara suke kallo a waya. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. In ƙwace ne?

Daga wani mahaifi, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Malam, ni Kirista ce, saboda haka ba zan ɓoye maka komai ba, kuma hukuncin shari'a a kan wannan malamanka za ka tambaya. Ana rubuta waɗannan littattafai ne domin ƙarfafa Kirista a kan addininsu, wasu ma da niyyar jawo wanda ba ya ciki, kuma gafarar da suke magana a kai sun jingina ta ne ga mutuwar Almasihu a kan gicciye, abin da Musulunci bai yarda da shi ba. Wanda ya ce maka labari ne kawai bai gaya maka duka ba. Tsabtar da ake faɗa kuma ta jiki ce, wato an rufe ƙofar ɗaki, ba ta tabbatar da cewa akwai hankali a cikin labarin. Ƙwacewa dai ba na ganin za ta biya maka bukata, domin abin da ka raba ta da shi a takarda za ta same shi a waya, sai dai ta koyi ɓoye maka. Ka zaunar da ita ta ba ka labarin da bakinta, ka tambaye ta wa ya ci amanar wa, da me ya nuna ya tuba, sa'an nan ku buɗe Suratu Yusuf tare, wadda Alƙur'ani ya kira mafi kyawun labari, ku kai aya ta 92 inda ya ce wa 'yan'uwansa babu zargi a kansu a yau. In soyayya ce take son karantawa, marubutan Kano suna fitar da littattafan soyayya da Hausa tun shekarun 1980, da yawansu mata ne Musulmi, ko da yake su ma sai an zaɓa. Roƙona ɗaya shi ne kada fushin ya sauka a kan ƙawar. A ƙasar da Babban Limamin Ghana Shaikh Usman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019 ya zauna ya fito da addininsa, yarinyar da ta ara wa ƙawarta littafi ba ta yi abin da za a raba su ba.

TAMBAYA: Mma, shekara shida da aurena, 'ya'ya biyu. Mijina yana dukana, na ƙarshe har haƙorina ya fita. Duk sanda ya yi sai ya yi kuka ya roƙi gafara. Wata 'yar'uwa a coci ta ba ni littafi, labarin matar da ta jure ta yi ta addu'a har mijinta ya canza suka zauna lafiya, ta ce in yi koyi da ita. Yanzu ina gidan yayata, dattawa sun ce in koma domin mai bi ba ya riƙo. Ƙarancin bangaskiya ne ya sa nake jin tsoro?

Daga wata 'yar'uwa, Madina, Accra.

AMSA: Ƙanwata, tsoron da kike ji hankali ne da Allah ya ba ki, kada ki bari kowa ya sa masa wani suna. Mijin da ke cikin littafin nan marubuciya ce take riƙe da hannunsa, ita ta san shafin da zai daina duka, naki kuwa ba wanda yake riƙe da nasa. Dawuda ya sami damar kashe Saul har sau biyu ya ƙyale shi, Saul ya yi kuka ya kira shi ɗansa, ya amsa laifinsa da bakinsa, amma ki duba ƙarshen 1 Sama'ila sura ta 24 da ta 26, kowane karo Saul gida ya koma, Dawuda kuma ya kama tasa hanyar, bai sake zama inda mashin Saul zai same shi ba. Kina iya yafe wa mijinki kina zaune a gidan yayarki.

Duka laifi ne a dokar Ghana, a ƙarƙashin dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007, mai lamba 732, kuma kotu tana da ikon ba ki takardar kariya da za ta hana shi zuwa kusa da ke. Ki je sashen 'yan sanda da ake kira DOVVSU, wanda aka keɓe domin irin wannan, za su ba ki takardar zuwa asibiti likita ya rubuta raunin, ki adana kwafinta tare da hoton bakinki. In dattawa suna son sulhu, su fara da shi, su tambaye shi abin da ya yi a kan halinsa ban da kuka, kuma kada a yi zaman sai da wani namiji daga danginki. Kada ki koma ɗaukar kaya ke kaɗai. Ki tura yayarki da mijinta su ɗauko miki katinki na ɗan ƙasa, da katin inshorar lafiya, da takardun haihuwar yaran, ki kuma canza lambar sirrin kuɗinki na waya tun yau.